Amsa ga Maman Ilham: kafin ki sha kowane haɗi, sayi littafi

Assalamu alaikum. Maman Ilham, na ga tambayarki tun shekaranjiya, na bari sai na samu natsuwa, don amsar ba ta layi biyu ba ce. Kin ce shekarunki 44, kusan shekara guda ke nan al'adarki ta rikice: wani watan ta zo sau biyu, wani lokacin ta yi wata biyu ba labari, in kuwa ta zo kamar an yanka rago. Da dare zafi ya taso miki daga ƙirji ki farka sharkaf da gumi, gabanki na faɗuwa, yara sun fara gudunki saboda faɗa. Kin sha maganin maleriya sau uku, surukarki ta ce a kai ki ruƙiyya, ke kuma kina tambayar wane haɗi za ki sha. Na ga masu cewa ki jiƙa kanumfari, na ga wadda ta ce ki biyo ta gefe tana da maganin sanyi. Allah Ya saka wa kowa da niyyarsa, amma ƙanwata, ki ɗan dakata da aljihunki, don abin da kika lissafa ya yi kama da alamomin gab da ɗaukewar al'ada.

Na girme ki da shekara tara. A Agege nake a nan Legas, atamfa da leshi nake sayarwa a gida, sari kuma a kasuwar Balogun. Nawa ya fara ina da 45. Ranar farko a cikin motar haya ta danfo ne, muna tsaye a cunkoson Oshodi, na ji kamar an buɗe murfin tukunya a ƙirjina, zafin ya hau wuya ya hau fuska, hijabina ya jiƙe. Minti uku ko huɗu ya wuce, sai kuma sanyi ya kama ni. Na ce zafin Legas ne, wa zai yi mamakin gumi a danfo cikin watan Maris? Sai da damina ta kankama, ana sheƙa ruwa a Yuli kowa na neman mayafi ni ina neman mafici, sannan na san da wata a ƙasa.

Abin da kika yi shi na yi. Na je kemis, yaron bai ko ɗago ya dube ni ba ya miƙo maganin maleriya. Na koma, aka tura ni wani ɗakin gwaji a bayan layinmu, suka ce taifot. A garin nan ban san wanda ya taɓa shiga irin waɗannan ɗakuna ya fito ba a ce yana da taifot ba. Na sha ƙwayoyi, na karɓi allurai, kuɗin turmi nawa suka tafi, zafi na nan daram. Shekara guda da rabi ina wannan zagaye. Na kira Hajiyarmu a Zariya ina kuka, ta ce in yawaita addu'a. Sai bayan komai ya bayyana take ce min, "Ai girma ne, ni ma na yi." Na ce Hajiya, shi ne ba ki faɗa min ba? Ta ce wannan ba maganar da uwa ke yi da 'yarta ba ce. Ban ga laifinta ba, haka ta taso, amma kunyar nan ta ci min kuɗi da barcin shekara guda da rabi.

Wadda ta gano ni maƙwabciyata ce, Bayarbiya, tsohuwar nas da ta yi ritaya. Ta zo karɓar leshi ta same ni ina fifita da kwalin atamfa. Tambaya uku ta yi min: shekaruna, yadda al'adata take, da yadda nake barci. Ta yi dariya ta ce in aiki yaro ya sayo littafin rubutu irin na 'yan firamare. Kullum in rubuta kwanan wata, ko na ga jini, auduga nawa na canza, sau nawa zafi ya taso da abin da na ci ko na sha kafin ya taso, da ƙarfe nawa na farka. Ta ce in yi wata biyu a kai sannan in ɗauki littafin in kai wa likitan mata. A lokacin na raina shawarar. Yau in aka tambaye ni abin da ya fi amfanata a duk wannan tafiya, littafin nan zan fara kira. In ba shi, za ki yi awa huɗu a layi, ki shiga gaban likita ki ce "jikina ne dai ba daɗi", ya rubuta miki farasitamol ki fito.

Ga abin da likitar ta fahimtar da ni. Ma'ajiyar ƙwan mace tana fitar da sinadarai biyu, istrojin da furojestaron, su ke juya al'ada. Kafin al'ada ta ɗauke gaba ɗaya akwai wasu shekaru da likitoci ke kira ferimenofos, wato gab da ɗaukewa. A cikinsu sinadaran ba sauka suke a hankali kamar mai sauka daga bene ba. Kamar wutar NEPA suke: yau ta zo da ƙarfi har ta ƙona ƙwai, gobe ta zo ba ta iya juya fanka, jibi babu. Shi ya sa wani watan jini ya yi yawa, wani watan ya ɓace. Istrojin kuma yana da hannu a wurin da ƙwaƙwalwa ke daidaita zafin jiki, da barci, da ni'imar gaba, da ƙarfin ƙashi, don haka in ya rikice sai ki ji ko'ina ya amsa. Yawancin mata al'adarsu na ɗaukewa tsakanin shekara 45 da 55, kuma ba a cewa ta ɗauke sai an yi wata 12 cur ba a ga ɗigo ba. Shekarun gab ɗin kan kai huɗu, wasu matan har takwas ko fiye. Ni shida na yi, tawa ta tsaya ina da 51.

Na shiga da niyyar a yi min gwajin sinadari in ga lamba a takarda. Likitar ta ce ga wadda ta wuce 45 ba shi da wani amfani, tunda abin da aka auna yau ba shi za a samu mako mai zuwa ba, alamomi da shekaru su ake dubawa. Ke da ba ki cika 45 ba tana iya ganin dacewar a yi miki, wannan ki bar mata. Abin da ta sa aka yi min shi ne gwajin ciki, awon yawan jini, suga, hawan jini, gwajin halittar nan ta maƙogwaro da ke kawo maƙoƙo, don in ta yi aiki fiye da kima ita ma tana kawo gumi da bugun zuciya da rashin barci, sai hoton mahaifa da gwajin bakin mahaifa. Kada ki tsallake waɗannan don wata a nan ta ce miki "ai shekaru ne". Har da ni. Labarinki ya yi kama da nawa sak, amma ban gan ki ba, kuma ni 'yar kasuwa ce.

A duk abin da kika lissafa, jinin ne ya fi tsaya min a rai, shi nake so ki fara da shi. Lokacin da aka auna ni jinina ya sauka zuwa 27 a ma'aunin yawan jini da ake kira PCV. Ashe rabin faɗuwar gaban da hakin da nake in na hau gadar tsallake titi ƙarancin jini ne. Hoto kuma ya nuna ƙari biyu a mahaifa, faibroid, wanda ya yi yawa a tsakaninmu baƙaƙen mata, kuma yana ƙara wa jinin waɗannan shekaru yawa. Aka ba ni ƙwayar ƙarin jini na sha wata uku. Ki lura, ba a haɗa ta da shayi ko goro, suna hana jiki karɓarta, da lemon zaƙi ake sha, kuma za ta baƙanta bayan gida, kada ki tsorata. Aka ba ni wata ƙwaya, tiranekzamik asid, da ake sha a kwanakin da jinin ya yi ƙarfi kawai. Ta rage, amma ba ta ishe ni ba, daga baya aka sa min Mirena, ƙaramar roba ce da ake sawa a mahaifa tana sakin sinadari kaɗan-kaɗan. Watannin farko ta dame ni da ɗige-ɗige har na so a cire, likitar ta ce in yi haƙuri zuwa wata shida. Bayan nan sai ɗan abin da ba a rasa ba. Ba kowace mahaifa take karɓarta ba, ya danganta da inda ƙarin ya zauna, shi ya sa hoton ke zuwa farko.

Akwai jinin da ba a jiran cikar littafi a kansa. In kina jiƙa auduga duk awa har awanni a jere, ko guda-guda manya na fita, ko jiri na ɗibarki, asibiti a ranar. In kina ganin jini bayan kwanciyar aure, ko tsakanin al'ada da al'ada, ko ya wuce mako ya ƙi tsayawa, a duba ki da wuri. Yayyenmu da ke karantawa kuma, duk wadda al'adarta ta ɗauke shekara guda sannan ta ga jini, ko ɗigo ne, kada ta ce ƙuruciya ce ta dawo. Sau da yawa ba wani abu ba ne, amma ta haka sankarar mahaifa ke fara sallama, kuma in an kama ta da wuri ana maganinta.

Littafin ya yi min wani amfanin da nas ɗin ba ta ma yi tunaninsa ba, wato salla. Na yi watanni ban san ranar da zan yi wanka ba, wani lokaci in bar salla kwana ashirin ina jin tsoron Allah, wani lokaci in yi ina shakka. Malamarmu ta Islamiyya ta zaunar da ni da littafin a gabanta. A mazhabarmu ta Malikiyya haila ba ta wuce kwana 15, mai al'ada sananniya kuma in jini ya zarce tana ƙara kwana uku a kan mafi tsawon kwanakinta matuƙar ba ta haura 15 ɗin ba, abin da ya biyo baya jinin cuta ne, ta yi wanka ta yi salla ta yi azumi. Akwai bayanin mai ganin jini yana yankewa yana dawowa, wannan ki kai wa malamarku da kwanakinki a rubuce, ba fatawar da zan ba ki a waya ba ce.

Wani abu kuma da ake dariya a kai har sai ya faru: ana ɗaukar ciki a waɗannan shekaru. Ƙwai bai ƙare ba, zuwansa ne ba tsari. Mun san autoci nawa da suka zo uwarsu na cewa ta gama. In ba kya son ƙari, ki ci gaba da tazara har shekara biyu bayan jinin ƙarshe in ya ɗauke kafin 50, shekara ɗaya in bayan 50 ne. In kuma wata biyu suka wuce ba labari, gwajin ciki kafin kowane jiƙo.

Zafin kuwa, littafi ne ya tona asirin masu tayar min da shi. Shayin dare mai citta da kanumfari, goro bayan la'asar, da farfesu mai attaruhu. Goron ya fi min wuyar bari, gadonsa na yi. Naki zai iya bambanta, rubutun zai nuna miki. Na koma kayan barci na auduga, na cire zanen gado mai santsi, na sayi fanka mai caji saboda wutar unguwarmu, ina kwana da gorar ruwan sanyi da ƙaramin tawul a gefen filo. Hijabi mai kaurin roba na ajiye shi, duk kyansa. In zan je Balogun ina fita bayan asuba in dawo kafin rana ta take. Waɗannan sun rage, ba su kashe ba. Ina faɗa miki ne don kada ki yi duka ki ga zafi bai tafi ba ki ce ke ce da laifi.

Da ya kai ina farkawa sau biyar a dare, ina ba mutane canji ba daidai ba da rana, likitar ta kawo maganar mayar wa jiki da sinadarin da ya ragu, abin da suke kira HRT. Na tsorata, don na taɓa jin yana sa sankarar mama. Ta ce tsoron ya samo asali ne daga wani babban bincike a Amurka da aka dakatar a 2002, kuma matan da aka yi shi a kansu matsakaicin shekarunsu 63 ne, akasarinsu sun daɗe da daina al'ada. Da aka sake nazari sai aka ga ga mace mai lafiya da ba ta kai 60 ba, ko ba ta wuce shekara goma da ɗaukewar al'ada ba, amfaninsa yakan rinjayi haɗarinsa. Ba ta ce babu haɗari ba. Akwai ɗan ƙarin haɗarin sankarar mama in an daɗe ana amfani da haɗin sinadaran biyu, na haɗiya kuma yana ɗan ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiya, wanda na shafawa da na mannawa a fata suka fi sauƙi a kai. Ba a ba wadda ta taɓa sankarar mama, ko daskarewar jini, ko shanyewar ɓarin jiki, ko mai ciwon hanta, ko mai zubar jinin da ba a gano dalilinsa ba. Mai mahaifa kuma ba ta amfani da istrojin shi kaɗai, dole da na biyun da zai kare bangon mahaifa. Ni Mirena ta tsaya min a wannan, sai aka ba ni na shafawa a cinya kullum. Na gwada na mannawa, gumin Legas ya riƙa ɓamɓare shi. Cikin makonni kaɗan na yi barcin da na manta irinsa, har maigidan ya taɓa ni ya ji ko ina numfashi.

Gaskiyar da ba zan ɓoye ba, maganin yana da tsada kuma ba kowane kantin magani ke ajiye shi ba, na sha yawo tsakanin Ikeja da cikin Eko ina nema. Kuma don Allah kada wata ta karanta wannan ta je ta saya da kanta, ko ta karɓi ragowar na ƙawarta. Wadda ba za ta iya amfani da shi ba akwai wasu ƙwayoyin da ba na sinadari ba, irin waɗanda aka yi don ciwon damuwa ko ciwon jijiya, da ake bayarwa kaɗan su rage zafin. In likita ta rubuta miki irinsu ba tana nufin kin taɓu ba ne.

Yanzu maganar da kika saka a ƙarshen tambayarki a taƙaice, na kuma gane. Bushewar gaba da zafi lokacin kwanciya. Mu nan ne muka fi cutar kanmu. Fatar wurin tana yin siriri ta bushe saboda istrojin ya ragu, sai mu ce sanyi ne, mu shiga tsarki da ruwan bagaruwa, mu yi matsi, wasu har da alif. Duk waɗannan ƙara busar da wuri suke, fatar da ta riga ta yi laushi ta tsage, sannan ciwon sanyin na gaskiya ya samu ƙofa. Na yi, na ji a jikina, shi ya sa nake faɗa da ƙarfi. Gumba da tsumi na dabino da kwakwa da aya, in kina so ki sha, abinci ne, sai dai ki kula da sugan da ke ciki. Amma abin da ba ki san me aka zuba a ciki ba, kada ya shiga jikinki ta sama ko ta ƙasa. Ruwa zalla ya isa tsarki. A kantin magani akwai man santsi mai ruwa irin K-Y Jelly, ba kunya ba ce sayensa. In bai wadatar ba akwai kirim ɗin istrojin na wurin kawai da likita ke rubutawa, kaɗan ne ƙwarai ke shiga jini, kuma yana taimaka wa yawan fitsari da ƙonar fitsari da ke addabar wasunmu.

Shi kuma Baban Ilham ki zaunar da shi. Nawa ya ɗauka na daina sonsa ne, har ya fara zancen da kin san irinsa. Ban iya bayani da baki ba, sai na tafi da shi asibiti ya ji daga bakin likita. Namiji in mai farar riga ta faɗa masa ya fi ji. Yaran ma na gaya musu Umma ba ta da lafiya ne, in na ɗaga murya su ba ni wuri minti goma. Yawancin faɗan nan rashin barci ne, wadda ta kwana tana juyi ba za ta tashi da fara'a ba. Amma in kika ga baƙin ciki ya zauna miki makonni, ba kya jin daɗin komai, ko kina jin gara ba kya duniya, wannan ki faɗa wa likita a fili a ranar, kada ki tsaya kan "sai haƙuri".

Surukarki kada ki yi musu da ita. Ki yi azkar ɗinki, ki tofa a ruwa ki sha, ba wanda addu'a ta taɓa cutarwa. Ki ce mata za ki haɗa da asibiti. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a kai ki inda za a yi ta turara miki hayaƙi ana dukanki ana cewa wani ya fita, alhali jininki ne ke ƙarewa.

Abinci ban da dogon bayani. Ƙashi na fara rauni a waɗannan shekaru, don haka kindirmo, awara, miyar kuka, zogale, riɗi, da ƙananan kifi da ake ci da ƙaya. Awara wasu na cewa tana rage musu zafi, ni ban ga haka a littafina ba, ina ci don daɗi. Ki samu rana ta taɓa fatarki ko a tsakar gida ne, mu masu lulluɓi da zaman ɗaki muna rasa wannan. Tafiyar ƙafa ta rabin awa, ni bayan asuba nake yi da maƙwabciyata kafin 'yan okada su cika layi. Ki riƙa auna hawan jini, nawa a wannan tsakanin ya fara hawa.

Kin ce a Idi-Araba kike, to asibitin koyarwa na LUTH na bakin ƙofarki. Mu na wannan ɓangaren asibitin koyarwa na LASUTH muke zuwa a Ikeja. Manyan asibitocin nan sukan nemi takardar turawa, don haka ki fara da ƙaramin asibitin gwamnati na unguwa ki karɓa, a can ma za a iya auna miki jini da yin gwajin ciki. Ki tafi da sassafe da abin karyawa a jaka, ki ce sashen likitocin mata kike so, in kin fi sakewa da likita mace ki nema, ba laifi ba ne. In Turancin na ba ki wahala ki tafi da Ilham. Ki kwashi kwalayen duk abin da kika sha a shekarar nan, har na gargajiya, ki zube mata a tebur.

Littafin ki fara shi yau da dare, da ranar da kika ga jini na ƙarshe in kina tunawa. Awon jinin kuwa kada ya jira wata biyu, ki yi shi cikin makon nan, ki dawo ki gaya min lambar da aka rubuta.